Dakalin Baba da Allon Kafaɗata

Litinin, 10 ga Satumba, 1979

Abokina Iliassou ya ba ni wannan kayye, wato littafin rubutu, wai in riƙa rubuta awon mutane kamar yadda su teloli masu keken ɗinki suke yi. Ni awon mutanena a kaina yake. To bari in rubuta wani abu dabam, kada ɗan rubutun da na koyo shekara uku a lakwal, makarantar boko, ya mutu a hannuna.

Yau na fara rigar Alhaji Saley na Djougou. Farar shadda, aikin aska takwas, siliki ruwan zuma. Shekara ashirin da wani abu Baba ne ke yi masa riga. Tun da Baba ya rasu bara da damina bai aiko ba sai yanzu. Direban da ya kawo yadin ya isar da saƙo: a gama kafin Babbar Salla. In hannun ɗan ya kai na uban, shi da 'yan goron layinsu za su ci gaba da aiko aiki nan Parakou. In bai kai ba, ga masu keke nan a ƙofar gidansa. Bai ɓoye ba, kuma na ji daɗi da bai ɓoye ba.

Kwana hamsin da ɗoriya. Ya isa, in Allah ya so.

Sai dai bayana. Ƙarƙashin allon kafaɗar dama, wuri ɗaya kamar faɗin babban yatsa. Da safe babu komai. Bayan azahar sai ya farka, kamar an ɗora ƙusa ana murzawa a hankali. Ya yi watanni yana zuwa yana tafiya. Ban taɓa ba shi muhimmanci ba.

Alhamis, 13 ga Satumba

Ruwa tun safe. Inna ta yi sakwarar sabuwar doya da wagashi, cukun nan na Fulani, soyayye a cikin miya. Na ci na ƙara. Zaure ya yi duhu, aiki kaɗan.

Asabar, 15 ga Satumba

Aikin gayyar juyin juya hali. An fito da mu 'yan Zongo sharar kwata. Delegen unguwa, wato wakilin gwamnati a unguwarmu, Kamarad Massaoudou, ya hau kan bulo ya ce "Prêts pour la révolution?", wato ko mun shirya wa juyin juya hali, muka amsa masa da ƙarfi, tsofaffi suna amsawa da goro a baki. Mutumin kirki ne, da dai shi ma mai gyaran radiyo ne kafin a ba shi littafi da biro.

Abin mamaki, na yi awa uku da shebur, bayana bai ce uffan ba. Na dawo zaure na zauna kan dakalin Baba da allura, wadda ba ta kai nauyin tsinke ba, kafin la'asar ya kama ni.

Na fara kallon bayan mutane. Matan Bariba masu kawo doya, kaya ya fi su nauyi amma bayansu kamar sanda. Mahauta kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Masu tura baro a tasha wuyansu ya shige ciki. Iliassou kuwa keke ya tanƙwara shi kamar lauje, amma ya ce babu abin da ke damunsa sai yunwa.

Talata, 18 ga Satumba

Wanzami ya yi mini ƙaho uku. Jini baƙi ya fito, ya nuna mini ya ce "ga ɓarawon nan." Na samu sauƙin yini ɗaya da rabi.

Juma'a, 21 ga Satumba

Na je asibitin unguwa bayan an sauko. Ma'aikacin ya tambaye ni da Faransanci ko ina ɗaukar kaya masu nauyi. Na ce allura. Ya ɗago ya dube ni ya ga ba wasa nake ba. Ya ba ni ƙwaya farare, ya ce in huta sati biyu. Na ce masa to. 

Iliassou ya zo da yamma ya tsaya a ƙofa ya tare mini haske, kamar kullum.

"Malam mai hannu, bayan ne? Kawo rigar nan in tattake maka ita a kwana biyu, ka je ka kwanta."

Na ce kekensa in ya yi aska takwas sai ta fito kamar haƙoran zarto.

"Zarton nan ya saya mini babur mobilet. Kai allurarka me ta saya maka? Ƙaho uku."

Muka yi dariya. Ya matsa mini wurin da gwiwar hannu har na yi ƙara. Tun muna yara haka yake, bakinsa da hannunsa ba sa tafiya tare.

Laraba, 26 ga Satumba

Aska huɗu sun tsaya. Kyau kam sun yi. Ina sa ƙulli na tsumma tsakanin bayana da bango in danna. Wani lokaci ƙofar zaure nake riƙewa in ja jikina. Inna ta gan ni sau ɗaya, ta ce "ko ƙofar ta yi maka laifi?"

Asabar, 29 ga Satumba

Yanzu tun hantsi yake farawa.

Talata, 2 ga Oktoba, Djougou

Jiya na biyo motar goro na kawo wa Alhaji Saley rabin aikin ya gani, in kuma gwada masa tsawo. Hanya ta ɓaci da ruwa, a Bétérou sai da muka sauka muka tura. Na sayi busasshen kifi don Gwaggo Lubabatu, yayar Baba, a gidanta na sauka.

Alhaji yana cikin rumfarsa, ana tsintar goro ana sake masa ganye. Ya wanke hannu, ya goge, ya sake gogewa, sannan ya taɓa rigar. Ya daɗe. Bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Ya ce "ci gaba, Yahouza." Ya tambayi Inna. Shi ke nan.

Motar ba za ta koma ba sai Lahadi. Dama na zo da zare da allurai.

Alhamis, 4 ga Oktoba, Djougou

Ina aiki a tsakar gidan Gwaggo, ƙarƙashin mangwaro, kan tabarma. Kullum da safe tana murza mini wurin da man kaɗe mai ɗumi, tana faɗa. Wai mun bar Djougou mun je mun zauna a garin jirgin ƙasa, muna shan ruwan famfo mai warin ƙarfe, yaya jiki ba zai yi tsatsa ba. Wai kakanninmu sun je Gwanja da ƙafa da goro a ka, ba wanda ya ce bayansa.

Na ce Gwaggo, wataƙila sun ce, ba a dai rubuta ba.

Ta ɗaka mini duka a daidai wurin. Sai na lura ban ji zafi ba.

Asabar, 6 ga Oktoba, Djougou

Kwana uku ke nan ina ɗinki daga safe har la'asar sakaliya, bayana shiru. Na gama aska ta shida. Na yi ta lissafi: ko man ne, ko ruwan rijiyarta ne, ko tuwon dawa. Gwaggo ta ce ruwan ne, ba ta da shakka. Ta cika mini jarka, ta ɗaure mini man kaɗe cikin ganye.

Garin nan yana da daɗin zama. Kowa ya gan ni sai ya tsaya ya lissafa mini dangina har wanda ban sani ba.

Laraba, 10 ga Oktoba

Parakou. Kwana biyu a kan dakali, ƙusar ta dawo wurinta. Ina shan ruwan, Inna na shafa man. Iliassou ya zo ya kurɓi ruwan jarkar ya ce yanzu shi ma ya warke daga ciwon da bai yi ba tukuna.

Asabar, 13 ga Oktoba

Bari in rubuta wannan da kyau.

Kamarad Massaoudou ya zo rubuta sunayen masu sana'a da za su yi maci ranar ashirin da shida ga wata. Na matsa masa ya zauna kusa da ni kan dakali. Ya buɗe littafi, ya fara rubutu, ya tsaya, ya karkata, ya sake karkata. Sai ya miƙe ya tsallaka ɗaya gefen, ya ture takalmansa, ya zauna ƙasa a inda baƙi ke tuɓe takalmi.

Na ce haba Kamarad, wannan ba wurin zaman babba ba ne.

Ya ce, "Juyin juya hali ya soke babban wuri da ƙaramin wuri. Kuma can hannuna yana yi mini inuwa, ba na ganin bakin biro."

Ya rubuta sunana, ya sha ruwan Djougou shi ma, ya tafi.

Na ɗauki allura na dubi hannuna. Ƙofa tana damana. Haske ya shigo, ya bugi bayan hannuna, inuwa ta faɗa daidai inda allura za ta shiga. Sai na ga abin da nake yi ba tare da na sani ba: in juya ƙirjina wajen ƙofa, in ɗaga gwiwar hannun dama sama, in leƙa ta ƙarƙashi. Haka nake wuni. Wata goma sha biyar.

Baba bahago ne. Kowa a Zongo ya sani. Da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa, amma allura da hagu. Don haka ya gina dakalinsa nan. Ni kuma tun ina ɗan shekara tara a can nake zama, wurin takalma, muna fuskantar juna. Ya ɗaga hannu in ɗaga nawa, kamar madubi. Shekara goma sha huɗu ban taɓa ciwon baya ba. Bayan sadakar arba'in kawunnai suka kama hannuna suka zaunar da ni kan buzunsa, aka yi fatiha.

Ni da nake karanta bayan mutanen kasuwa.

Ruwan Gwaggo kuwa, ashe ƙarƙashin mangwaro haske ta ko'ina yake zuwa. Ba zan faɗa mata ba.

Litinin, 15 ga Oktoba

Na gwada. Na shimfiɗa tabarma a tsohon wurina. Allura tana gudu, ina ganin kowane zare. Har azahar ban tuna ina da baya ba.

Sai wani baƙo ya yi sallama, mutumin Maradi da alama, da yadi a hammata. Ya dubi dakali, babu kowa. Ya dube ni a ƙasa. Ya tuɓe takalmansa dab da gwiwata, ya ce, "Samari, ina maigidan?"

Na ce ni ne.

Ya ce a'a, mai aikin yake nufi. Na ce ni ne dai. Ya yi 'yar dariya, ya ce zai dawo. Ya sa takalmansa. Na san ba zai dawo ba.

Na naɗe tabarma na hau dakali.

Laraba, 17 ga Oktoba

Yau ya sauko har hannu. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun yi sanyi kamar ba nawa ba. Allura ta faɗi sau uku. Da la'asar na ɗaga rigar a haske na ga tambarin, zagayen adon nan na ƙirji, ya karkace. Aikin kwana biyu na warware.

Saura sati biyu. Saura tambari, da wuya, da rabin aljihu, da na baya gaba ɗaya.

Alhamis, 18 ga Oktoba

Na faɗa wa Inna. Tana tankaɗe, ba ta tsaya ba. Na yi mata bayani da hannu, ga ƙofa, ga inuwa. Na zaci za ta ce ai sai ka koma can, me ye a ciki.

Ta ce ta gan ni ranar Litinin a ƙasa, gabanta ya faɗi.

Sannan ta ce duk safiya in ta fito daga ciki za ta zubar da ruwa, ta kan hango zaure ta ƙofar baya. Abin da take fara gani shi ne kafaɗa da hula a kan dakali, kamar Baba ne zaune. "Na san kai ne. Ba ruɗewa na yi ba. Amma kafin in sani ɗin nan akwai ɗan lokaci kaɗan." Ta nuna da yatsu biyu, ƙanƙani. "Shi nake fitowa nema."

Na miƙe. Na taya ta ɗaga turmi, abin da bai kamata in yi da wannan bayan ba.

Juma'a, 19 ga Oktoba

Na yi tunani a masallaci maimakon sauraron huɗuba, Allah ya yafe. In na zauna kan dakali rigar ba za ta ƙare ba. In ba ta ƙare ba, aikin Djougou ya tafi, dakalin zai zama wurin zama kawai, ba wurin ɗinki ba.

Na ce wa Inna har rigar ta ƙare ne kawai. Kwana goma sha biyu. Ta ce "Allah ya ba da sa'a." Ba ta dube ni ba.

Na bar buzun a inda yake. Na sa kwano a waje don takalma, da ɗan dutsen da baƙo zai zauna ya tuɓe kusa da shi.

Litinin, 22 ga Oktoba

Yatsun sun dawo. Ƙusar tana nan amma ta zama kamar tsohon rauni. Duk kiran salla ina tashi in miƙa hannuwa sama in juya kafaɗu, tsofaffin layi suna cewa na shiga soja.

Inna tana kawo abinci ta ajiye a kan dakali, ba a gabana ba. Sai in tashi in ɗauko. Ruwan wanke-wanke kuma ta bayan gida take zubarwa yanzu.

Laraba, 24 ga Oktoba

Tambari ya zauna daram. Iliassou ya tsaya a ƙofa ya kalle shi ya daɗe, ya manta bai zage ni ba. Sai da zai tafi ya ce, "An sauke ka daga mulki ke nan? Kai ma an yi maka juyin juya hali."

Juma'a, 26 ga Oktoba

Maci. Mu teloli aka sa mu bayan masu gyaran keke, kowa da almakashi a hannu, Iliassou ya rataya ma'auni a wuya kamar lambar girma. Rana ta yi zafi. Kamarad Massaoudou yana gudu gaba da baya yana daidaita layi, muryarsa ta dushe. Ya ce mini yaya bayan. Na ce da sauƙi, albarkacinsa. Bai gane ba, amma ya ji daɗi.

Na zame kafin jawabi na uku. Na samu awa biyu na haske.

Litinin, 29 ga Oktoba

Ta ƙare kafin la'asar. Na yanke zaren ƙarshe na zauna ina kallonta. Na kira Inna. Ta tsaya a ƙofar baya, ta ce in juya mata cikin. Na juya. Ta ce babu ƙulli ko ɗaya a waje. Ta koma ciki ta yanka zakara, ba Salla ba tukuna.

Talata, 30 ga Oktoba, Djougou

Rumfar Alhaji cike da mutane, ga raguna ɗaure a gefe. Ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya aika gida aka ɗauko masa tsohuwar riga, wadda Baba ya yi masa shekarar da ya je Makka, ya jera su. 

Ya bi askar farko da yatsa a tsohuwar, ya bi ta sabuwar. Ya kira wani tsoho mai gilashi, suka sunkuya tare.

"Zaren marigayi ta nan yake kwanciya," in ji shi. "Naka ta can."

Na ce haka ne, Baba Alhaji. Shi da hagu yake yi.

"Na sani. Na zauna gabansa ya fi a ƙirga." Ya ɗaga aljihun ya leƙa ciki, ya ja ɗinkin da ƙarfi, abin da ya sa na rintse ido. Sannan ya miƙe ya zura ta a kan ta jikinsa, ya naɗe hannayen a kafaɗa, ya juya ga mutanen.

"Ba hannunsa ba ne," ya ce. "Amma hannu ne."

Tsohon mai gilashi ya ce shi shuɗiya yake so, kafin Maulidi. Wani ya ce shi ya riga shi magana tun bara. Alhaji ya cusa mini goro fari a aljihu har ya yi tudu.

Gwaggo ta ga ina tafiya a miƙe, ta ce ba ta faɗa ba? Ta sake cika jarka. Na ɗauko ta har tasha.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Salla. Na ci hanta har na gaji. Ban taɓa allura ba.

Litinin, 5 ga Nuwamba

Yadi uku sun iso daga Djougou. Na ce bari in zana su tukuna a nan ƙasa, tunda zane yana son haske. In na fara ɗinki sai in koma.

Talata, 20 ga Nuwamba

Ban rubuta ba kwana biyu, aiki. Shuɗiyar ta kai aska uku. Bayan yana gaishe ni wani lokaci in na daɗe ban tashi ba, gaisuwa kawai, ba ya zama.

Inna ta fara fitowa da hantsi da faifan wake. Ranar farko a bakin ƙofa ta tsaya. Yanzu gefen dakali take zama, ba kan buzun ba, tana tsinta tana ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya yi faɗa. Jiya wani ya shigo da yadi, ya rasa wanda zai fara gaisarwa. Ta nuna ni da haɓa.

Har yanzu ban ce na bar can ba. Ba wanda ya tambaye ni.

Yau dai na kira magini. Ƙasan nan tana da sanyi, kuma shadda fara ba ta son ƙasa, shi ne kawai. Ɗan tudu zai yi mini a wannan gefen. Ya ce yaya girmansa. Na ce ya auna na Baba. Da ya auna, na ce ya ƙara ɗan faɗi, ni na fi shi dogayen ƙafafu.